Malam Nagoda Magini da Gonar da Ta Zama Filin Wasanni

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Mika'ilu, wanda mutanen Tudun Wada suka fi sani da Nagoda Magini, a garin Kudan cikin ƙasar Zazzau, a shekarar 1901 ta Miladiyya, wadda ta zo daidai da 1319 ta Hijira. Sunan mahaifinsa Malam Mahmudu, magini ne ɗan magini, mahaifiyarsa kuwa Ishatu, 'yar wani masaƙi ce a garin. Shi ne ƙarami cikin 'ya'ya maza biyu da suka rayu, kuma kakarsa ta wajen uwa ce ta laƙaba masa Nagoda, saboda an same shi ne bayan Ishatu ta yi ta haihuwa ana binnewa.

A shekarar 1914, lokacin da yunwa ta tsananta a ƙauyuka har mutane suka koma tonon gidan tururuwa neman hatsi, Malam Mahmudu ya kwashi iyalinsa ya taho Zariya, domin ya sami labari ana gine-gine a sabuwar unguwar da aka kafa a wajen ganuwa, wato Tudun Wada. Ya sami wuri ya yi gida, sa'an nan da izinin mai unguwa na wancan zamani ya sari wani daji a gefen unguwar, inda ƙaya da kargo suka cunkushe har makiyaya ba sa bi. Shi da 'ya'yansa biyu suka tumɓuke kututturai, suka ƙone, suka mayar da wurin gona, kuma a nan ne gatari ya fara yi wa Nagoda kanta a hannu. Wannan gona ita ce kan maganar tarihin nan baki ɗaya, domin ita kaɗai ce ƙasar da Nagoda ya taɓa mallaka a duniya.

Karatu da Koyon Sana'a

Nagoda ya fara karatun allo tun a Kudan, ya ci gaba a Tudun Wada a hannun wani malami Babarbare, har Allah ya nufa ya sauke a shekarar 1919. Daga nan ya taɓa 'yan ƙananan littattafan fiƙihu gwargwadon abin da zai gyara ibadarsa, bai zurfafa ba, makarantar boko kuwa ko ƙofarta bai taɓa leƙawa ba. Sana'a ce ta ɗauke shi. Ya fara da kwaɓa ƙasa da cura tubali kamar kowane ɗan magini, ya hau tsani yana cafe tubalin da ake jefo masa daga ƙasa, ya koyi jera azara da ɗaurin guga da shafen makuba, har ya kai ga mahaifinsa yana iya barin masa soro guda ya tafi wani aikin. Kafin ya cika shekara ashirin da biyar an san shi a Tudun Wada da Hanwa, har cikin birni, da cewa rufinsa ba ya yoyo.

Halinsa kuwa tun yana saurayi mutum ne mai tsananin kunya da kawaici, irin wanda za a taka masa ƙafa shi ya ba da haƙuri. Jama'a sun yi ta yabon wannan hali nasa, suna nuna wa 'ya'yansu shi, kuma babu wanda ya taɓa jan sa gefe ya gaya masa cewa kunya ma tana da iyaka.

Aure da Rabon Gado

A shekarar 1925 aka ɗaura masa aure da Sakinatu, 'yar wani mai sayar da goro a kasuwar Tudun Wada, mace mai kaifin hankali wadda ba ta ɓoye abin da ke ranta. Da ita kaɗai ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya ba su 'ya'ya shida, uku suka rasu tun suna ƙanana, biyu da ƙyanda, ɗaya da sanƙarau. Waɗanda suka rayu su ne Labaran, wanda aka haifa a 1928, da Maijidda a 1933, da autansu Mahmudu, mai sunan kakansa, a 1940.

Malam Mahmudu ya rasu a shekarar 1927, matarsa Ishatu ta bi shi ba da daɗewa ba. Da aka zo rabon gado, gida ya faɗa hannun wan Nagoda, gona ta faɗa hannun Nagoda, kuma da yardarsa aka yi haka, domin ya lura unguwa tana matsowa wajen gonar shekara bayan shekara. Lissafinsa shi ne ya noma ta muddin yana da ƙarfi, in girma ya zo ya yanki gefe guda ya gina gida da hannunsa, babba, mai sassa, yadda kowane ɗa zai sami inda zai ajiye iyali. Ba a yi shekara biyu ba wan nasa ya sayar da gidan gadon ya tafi Jos wajen haƙar kuza, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Nagoda ya kama haya a wani gida kusa da kasuwa, da niyyar zama na ɗan lokaci.

Aikin En'e da Aron Gona

A shekarar 1934 aka ɗauke shi aiki a sashen gine-gine na En'e, wato hukumar gargajiya, aka riƙa tura shi gundumomi yana gina rumfunan kasuwa da ɗakunan shan magani da masaukin baƙi. A cikin leburorin da ke kwaɓa masa ƙasa akwai wani ɗan ci-rani daga ƙasar Daura mai suna Kailani, mutum marar yawan magana, wanda ya zo da mata da ɗa ɗaya, ba shi da kowa a Zazzau. A farkon daminar 1936, suna tsakiyar wani aiki a ƙauye, wani bango da ruwa ya jiƙa ya rufto wa Nagoda, sauran ma'aikata suka watse suna salati. Kailani ne ya tsaya, ya yi ta tonon ƙasa da hannu har faratansa suka ɓamɓare, ya jawo shi da sauran numfashi. Tun daga ranar Nagoda bai ƙara kiran sa lebura ba, sai ɗan'uwa.

Da yake aikin gundumomi ya hana shi noma, gona tana neman komawa saura, a shekarar 1938 Nagoda ya ba Kailani aronta don ya ciyar da iyalinsa. An yi maganar ne a shagon wani kafinta Inyamuri mai suna Onuora, wanda ya daɗe a Tudun Wada yana yi wa Nagoda ƙofofi da tagogi, kuma a benci na ƙofar shagonsa suke hira da yamma. Mai unguwa yana wurin, limamin masallacin kasuwa ma yana wurin, aka yi fatiha aka tashi.

To, al'adar ƙasar nan game da aron gona sananniya ce. Duk kaka, wanda aka ba aro yakan ɗauki dami ɗaya na abin da ya noma ya kai gidan mai gona da rana tsaka, a idon jama'a. Damin nan ba kuɗin haya ba ne, ba kuma don mai gona ya ƙoshi ba, shaida ce kawai da ake sabuntawa kowace shekara cewa ƙasar tana da mai ita. Muddin dami yana zuwa, aro aro ne ko an shekara hamsin. In dami ya daina zuwa, mai gona bai tanka ba, mutane sukan ɗauka an bar wa mai noma ke nan.

Kailani ya san wannan sarai, kuma bai yi ha'inci ba. Da kakar 1938 ya ɗaura damin dawa mai kyau a kan jaki ya kai har ƙofar gidan da Nagoda ke haya. Nagoda ya fito, ya ga damin, ya dubi yatsun Kailani da ba su gama warkewa daidai ba, sai kunya ta kama shi. Ya riƙe igiyar jakin ya juya shi da kansa, ya ce a gaban maƙwabta, "Haba Kailani! Ni da kai ai babu wannan. Mayar wa yara su ci." Da ya koma ciki Sakinatu ta tare shi, ta ce, "Malam, ka karɓa mana, ko zangarniya ɗaya ce ka zara ka rataye a ɗaki. Ba don yau ba." Ya ce mata ita ba ta san abin da ke tsakanin maza ba, mutumin da ya tono shi daga kabari ba zai tsaya yana karɓar hatsi a hannunsa ba.

Kailani ya sake kawowa a shekara ta biyu, aka sake juya jakin. Ya kawo a ta uku, Nagoda ya nuna ɓacin rai, ya ce in ya ƙara to ya raina zumunci. Daga nan Kailani ya daina, ba don son ransa ba. Kaico! Da hannunsa Nagoda ya goge shaidarsa, yana ganin alheri yake yi, jama'a kuma suna ta sa masa albarka.

Barin Aiki da Rasuwar Kailani

A shekarar 1951 ciwon baya, wanda ya samo asali tun daga ruftawar bangon nan, ya tilasta wa Nagoda barin aikin En'e. Ya dawo Tudun Wada da zama, yana 'yan gyare-gyaren soraye, ɗansa Labaran yana taya shi. A lokacin mai unguwar da ya halarci aron ya riga ya rasu, limamin ma haka. Nagoda ya ƙudura karɓar gonarsa ya fara ginin da ya daɗe yana buri, har ya fara tara azara a bayan shagon Onuora. Sai ga Kailani ya kwanta da tarin da ba ya jin magani. Nagoda ya ce ba a karɓar gona a hannun majinyaci, a bari ya tashi.

Kailani bai tashi ba, ya rasu a watan Agusta na 1952, kuma Nagoda ne ya shiga kabarinsa ya karɓe shi. Gona ta ci gaba a hannun ɗansa Salmanu, wanda ya tashi a cikinta tun yana yaro, ya san kowace kunya da kowane suri, kuma yake kiran Nagoda Baba. Sakinatu ta ce a yi maganar bayan sadakar arba'in, Nagoda ya ce hawayen marayu bai bushe ba. Da shekara ta zagayo ta sake tunasar da shi, ya ce yaron ya riga ya yi shuka, a bari ya girbe. Da ya girbe aka ce yana shirin aure, bai kamata a ɓata masa rai ba. Haka aka yi ta bari, kullum da dalili mai kyau, alhali kalma ɗaya ce ake buƙata Nagoda ya furta, kuma bakinsa ya ƙi furta ta.

Zuwan Masu Awo

Da ranin 1954 aka wayi gari da safiyo da ma'aikatansa suna jan sarƙar awo a gonakin gefen unguwa, suna kafa turaku, suna dasa duwatsun siminti. Bayan 'yan kwanaki mai shela ya zaga da sanarwar hukuma, cewa an fitar da wannan yanki duka daga ƙasar noma an mayar da shi cikin tsarin gari. Tsakiyarsa za a kewaye a yi filin wasanni na jama'a, inda za a riƙa ƙwallo da guje-guje da kokawa, gefensa kuma za a yanka fuloti-fuloti da tituna. Duk mai gonar da aka ɗauke za a ba shi fuloti ɗaya ya gina, ɗan aro kuwa sai diyyar amfanin da ya shuka kawai. Gonar Malam Mahmudu ta faɗa a tsakiyar filin ɗungurungum.

Da Nagoda ya ji sanarwar bai damu ba ƙwarai, har ya ce wa iyalinsa wataƙila alheri ne, tun da dai gida yake so, ga shi za a ba shi wuri a bakin titi. Ranar da wakilan hukuma suka bi gonaki suna tambayar na wane ne nan, na wane ne can, yana Hanwa yana gyaran wani zaure, kuma bai ga dalilin barin aikin ba, domin a zatonsa Salmanu zai faɗi gaskiya. Salmanu kuwa ya faɗi abin da ya sani, ya ce gonar ubansa ce, maƙwabtan gona suka gyaɗa kai, aka wuce.

Ko da labari ya iso, Nagoda bai iya tunkarar yaron ido da ido ba, sai ya aika dattawa. Amsar da suka dawo da ita ba ta rashin kunya ba ce, kuma wannan ne ya fi ciwo. Salmanu ya ce, "Ku gaya wa Baba ni ban musa cewa asalinta tasu ce ba. Amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin an ɗauki dami daga gonar nan an kai gidan kowa ba. Abin da na tashi na ji a bakin mutane shi ne Baba ya bar wa mahaifina ita saboda abin da ya yi masa. In na ce ba haka ba ne, uwata da ƙannena ina zan kai su?" Sakinatu ta saurari dattawan daga bayan zana har suka gama, kuma ba ta taɓa yi wa mijinta gori a kan maganar ba har ya bar duniya.

Shari'a

Labaran ne ya matsa aka kai ƙara, aka zauna gaban alƙali a farkon shekarar 1955. Babu wanda ya yi jayayya cewa Malam Mahmudu ne ya sari dajin, ko cewa Nagoda ya gaje shi. Tambaya ɗaya ce tak, shin aro aka yi a 1938 ko kyauta. Alƙali ya nemi Nagoda ya kawo shaidu, alhali biyu daga cikin ukun da suka halarta suna ƙasa. Onuora ya rufe shagonsa ya zo da fararen tufafinsa na zuwa coci, ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a shagona aka yi maganar nan, ina riƙe da zarto na ajiye. Aro ya ce, da kunnena na ji." Alƙali ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba, amma bisa ƙa'idar kotun ba a gina hukunci a kan shaidar mutum ɗaya, balle wanda ba Musulmi ba, shaidar mata ga mijinta kuwa ba ta karɓuwa.

Shaidun Salmanu ba maƙiyan Nagoda ba ne, maƙwabtansa ne na gidan haya, waɗanda suke salla sahu ɗaya da shi. Suka ce sun gani da idonsu ya juya jakin Kailani shekara uku a jere, sun kuma ji ya ce tsakaninsu babu wannan. Wallahi ba su yi ƙarya ba ko kaɗan, wasu ma da yabo suka faɗa, suna zaton suna ɗaga darajarsa ne. Alƙali ya juya ga Nagoda ya tambaye shi ko ya taɓa karɓar wani abu daga gonar cikin shekarun nan goma sha shida, ko da zangarniya ɗaya ce. An ce Labaran ya taɓa gefen rigar mahaifinsa a lokacin, yana masa ishara ya yi hattara da amsarsa. Nagoda ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban taɓa ba."

Aka ba Salmanu rantsuwa ya rantse a kan iyakar saninsa. Alƙali ya yanke cewa wanda ya riƙe ƙasa fiye da shekara goma, mai ita yana gari yana gani bai nema ba, kuma babu dangantakar jini da za a ce ita ta hana shi magana, to hauzi, wato mallaka ta dogon riƙo, ya tabbata. Fuloti ya zama na magadan Kailani. Babu zaluncin da za a nuna da yatsa a cikin hukuncin nan, kowa ya faɗi gaskiya, alƙali ya bi ƙa'ida, mutum kuma ya fito daga kotu ba shi da ko taku ɗaya a ƙasar da ya sara da hannunsa.

Ginin Katanga da Watsewar Iyali

Bayan shari'a Salmanu ya je da dattawa ya durƙusa, ya ce a raba fulotin biyu. Aka bincika, aka tarar dokar sabon tsarin ta hana raba fuloti, suna ɗaya ake rubutawa. Sai ya ce to zai ware sashe guda a gidan, Baba ya zauna da iyalinsa muddin rai. Nagoda, wanda bai taɓa iya cewa a'a ba a rayuwarsa, a nan ne ya iya, a inda bai kamata ba. Ya ce, "Na gode, Salmanu. Amma ba zan zama ɗan aro a madadin ƙasar ubana ba." Dattawa suka yi ta ba shi baki, Onuora ma ya yi, bai sauya ba.

A shekarar 1956 ɗan kwangila ya fara aikin filin. Aka sare ɗorawa da kukar da ke gonakin, aka baje kunyoyi, aka cike rijiyoyi, aka fara kewayewa da katangar bulo. Ginin ƙasa ya fara ja da baya a lokacin, masu hali duk siminti suke so, aikin soro ya yi wa Nagoda ƙaranci. Da abinci ya gagara a gida sai ya je neman aiki wajen ɗan kwangilar, aka ce ba a buƙatar maginin ƙasa, amma akwai gurbin mai ba bulo ruwa. Ya karɓa. Mutumin da ya ɗaura guga a zaurukan hakimai ya koma yawo da garwa yana yayyafa wa bulo ruwa safe da yamma, a daidai inda ya yi wa mahaifinsa noma, leburori matasa suna ce masa tsoho a yi sauri. Abin takaici ne da ba shi da misali, kuma duk wanda ya san shi a da in ya hango shi sai ya sauya hanya don kada su haɗa ido.

A shekarar 1957 mai gidan da suka yi kusan shekara talatin suna haya ya rasu, magada suka sayar, aka ba su wa'adi. Suka koma ɗaki ɗaya a wani gidan haya can cikin lungu bayan kasuwa. Auren Labaran, wanda aka yi ta ɗagawa ana jiran gida, ya lalace, domin iyayen yarinyar sun gaji da jira, shi kuwa ya tattara ya tafi Kaduna ya shiga aikin masaƙa. Maijidda tana gidan mijinta a Funtuwa tun kafin wannan. Mahmudu, da ya rasa wurin kwana sai rumfar kasuwa, ya bi wata motar ɗaukar gyaɗa zuwa Gusau a matsayin yaron mota. Azarar da aka tara a bayan shagon Onuora gara ta ci rabi, sauran aka sayar aka ci abinci.

An buɗe filin wasannin a shekarar 1958 da gagarumin biki, 'yan makaranta suka yi fareti, aka buga ƙwallo, aka yi kiɗa har yamma. Ma'aikatan da suka yi ginin an ba su izinin shiga kyauta. Nagoda bai je ba, kuma bai taɓa taka cikin filin ba bayan an sa masa ƙofa. Daga wannan shekara idonsa ya fara dushewa, ya rage fita sai masallaci, ya rage magana ƙwarai, in an gaishe shi ya amsa, in an yi shiru shi ma ya yi shiru.

Rasuwa da Jana'iza

Malam Nagoda ya kwanta rashin lafiya cikin azumin shekarar 1378 ta Hijira, ya rasu da hantsi ranar wata Talata cikin watan Shawwal, daidai da Afrilun 1959, yana da shekara hamsin da takwas, babu kowa a kansa sai Sakinatu. Aka aika wa 'ya'yansa ta hannun direbobin tasha, amma gawa ba ta jiran mota, ga zafin bazara.

Bayan an yi masa wanka an sa shi a likkafani sai aka rasa inda za a sallace shi. Al'ada ita ce a sallaci mutum a ƙofar gidansa, shi kuwa ba shi da ƙofar gida, lungun da yake haya ko mutum uku ba sa jerawa a cikinsa, kuma kwata ta ratsa tsakiyarsa. Jama'a sun taru da yawa, domin da wuya a sami layi a Tudun Wada da babu soron da ya rufa. Wuri mafi kusa da zai ɗauki sahu shi ne sabon titin fuloti da ke jikin katangar filin wasanni, inda Salmanu ya gina gidansa. Salmanu ya zo ya tsuguna a bakin ɗakin yana kuka, ya roƙi Sakinatu ta yarda a sallaci Baba a ƙofar gidansa. Ta ce masa, "Ku kai shi. Amma ku ajiye shi a waje, kada ku shigar da shi zaure. Ya ce ba zai shiga ba."

Haka aka yi. Aka ajiye makara a kan titi a gaban sabon gidan, liman ya ja salla, Onuora yana tsaye can gefe riƙe da hularsa a hannu har aka idar. Daga nan aka kai shi maƙabartar Tudun Wada aka binne kafin azahar. Babu ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa da ya sami jana'izar, kuma Salmanu ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Allah ya jiƙan Malam Nagoda, ya yalwata masa makwanci, ya sa haƙurinsa a mizani.

Ya rasu ya bar mata ɗaya, Sakinatu, da 'ya'ya uku: Labaran, ma'aikacin masaƙa a Kaduna, da Maijidda, tana aure a Funtuwa, da Mahmudu, yaron mota a Gusau, da jikoki biyu ta wajen Maijidda. Labaran ya iso washegari, Maijidda ranar sadakar uku, Mahmudu kuwa sai bayan wata guda labarin ya riske shi. Da suka taru babu wurin da zai ɗauke su su kwana tare, sai maƙwabta suka rarraba su, bayan 'yan kwanaki kowa ya koma inda ya fito. Sakinatu ta yi takabarta a ɗakin hayar nan ita kaɗai, ranar da ta fita takaba ta ɗaure kayanta a zane, ta mayar wa masu gida ɗakinsu, ta hau motar Funtuwa. Daga wannan rana babu sauran kowa na zuriyar Malam Mahmudu a Tudun Wada.